Zakara ne ko kaza? Yadda nake ware 'yan tsaki kafin su cinye mani dusa

Salamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kaji a gida. Tun da na fara kiwo a tsakar gidanmu nan Garin Malam babu tambayar da ta kai wannan yawa, wai Malam yaya ake gane namiji da mace a 'yan tsaki. Shekaranjiya ma wata maƙwabciyarmu ta aiko yaronta da kwali, 'yan tsaki tara a ciki kwanansu huɗu da ƙyanƙyasa, wai in ware mata matan za ta kai mazan kasuwa. Na ce ma yaron koma ka ce ma Inna ta dawo da su in sun yi sati biyar. Na ji labari ta ji haushi, a ganinta rowar sani nake. Wallahi ba rowa ba ce, ɗan tsakon kajin gida mai kwana huɗu ko ni ko wanda ya fi ni in ya ce maka ga namiji ga mace to canka ya yi, kuma canka kowa ya iya, tunda ko ka rufe ido ka nuna rabi za ka dace.

Ni da kuɗina na sayi wannan darasin. Farkon shigata harkar na tarar da wani mutum a bakin tasha da katan-katan na 'yan tsaki, farare masu ɗan rawaya-rawaya, kyawawa da su sai tsiu-tsiu suke, ya ce patoro waɗannan duka mata ne masu ƙwai, yanzu aka sauke su daga Najeriya, wata biyar ka fara kwasar ƙwai. Kuɗin ma da sauƙi har na yi mamaki, maimakon arahar ta sa in tsaya in yi tunani sai ta sa na ƙara goma a kan ashirin ɗin da na yi niyya. Talatin na ɗauko a bayan kabu-kabu. Biyu suka mutu a satin farko, sauran ashirin da takwas na yi ta ɗura musu abinci, ga ruwan da kun san yadda yake a Damagaram, wani lokaci sai mai garuwa ya kawo ake raba shi tsakanin mutanen gida da kaji. Wata uku da 'yan kwanaki wata asuba na ji wani irin kuka kamar ana jan tsohuwar ƙofar kwano, kafin sati biyu akurkin gaba ɗaya ya ɗauka. Ko mace ɗaya babu. Uwargida har yau in tana so ta tsokane ni sai ta ce Malam ina ƙwan namu.

Sai daga baya na fahimci abin da ya faru, kuma shi ne abu na farko da nake so kowa ya riƙe don shi kaɗai ne wurin da ake gane jinsi ranar farko ba tare da wahala ba. Kajin ƙwai na kamfani, irin jajayen nan da ake ce ma ISA Brown da 'yan uwansu, da gangan aka haɗa iyayensu yadda launi zai raba 'ya'yan. Macen tana fitowa ja-ja ko ruwan ƙasa, namijin kuma fari ko rawaya mai haske. To kun ga abin da na saya kenan, mazan da kamfani ya riga ya ware ya ture gefe. Akwai kuma baƙaƙen, irin su Harco, su macen baƙa ce har kanta, namijin kuma yana da ɗigon fari a tsakiyar ka kamar an ɗiga mashi fura. In mai sayarwa ya ce maka kajin ƙwai ne jajaye amma 'yan tsakin farare ne tas, ka yi mashi sallama ka wuce. Mazan nan ba su da amfani ga kamfanin ƙwai shi ya sa ake zubar da su da araha, a Turai ma da kashe su ake yi tun ranar farko, sai da Jamus ta hana a 2022 Faransa ta biyo baya a 2023, yanzu a ƙasashen nan biyu da na'ura suke leƙa ƙwan tun bai ƙyanƙyashe ba. Mu nan ba a kashe su, kiwata su ake a ci nama, kuma ba laifi ba ne a saye su in dai ka san zakaru ka saya kuma kuɗin zakaru ka biya.

Amma fa wannan maganar launi a zubin farko kawai take aiki. In ka ɗauki jar kazar kamfani zakaran gida ya hau ta, ko ka haɗa ta da farin ɗan uwanta, 'ya'yan da za su fito launinsu ba ya gaya maka komai, ja na iya zama namiji fari na iya zama mace. Mutane da yawa nan suke ruɗewa.

Sai maganar fiffike, wadda ta cika waya yanzu, kowa ya ga bidiyo ya zama gwani. Yadda abin yake: ka ɗauki ɗan tsako mai kwana ɗaya ko biyu, ka ɗora shi a tafin hannu, ka kama bakin fiffiken da yatsa biyu ka buɗe shi a hankali wajen haske. A can ƙarshen za ka ga 'yan tsirin gashi layi biyu, na ƙasa da na sama da ke rufe su. In ka ga dogo gajere dogo gajere, wato na ƙasan sun zarce na saman, mace ce. In duka kansu ɗaya kamar an daidaita da almakashi, namiji ne. Gaskiya ne ana yin haka a manyan wuraren ƙyanƙyasa kuma yana ci, sai dai abin da masu bidiyon ba sa faɗa shi ne sai an zaɓi iyayen musamman, uban mai saurin fitar da gashi uwar mai jinkiri, sannan 'ya'yan za su rabu haka. Kajinmu na gida da zakaran maƙwabta ke tsallako katanga ya yi abin da ya ga dama, wa ya san wane ne uban balle saurin gashinsa? Na gwada a kan zubi uku, na ɗaura ma waɗanda fiffike ya ce mata ne zare, da suka girma wasu daga cikinsu da cara suka gaishe ni. Kuma ko a irin da abin ke aiki, in an wuce kwana uku gashin ya kamo juna, shi kenan an rufe wannan ƙofar.

Akwai ta duban dubura, ita ce ta ƙwararru. Daga Japan ta fito, wasu masana biyu Masui da Hashimoto suka bayyana ta a rubuce a 1933, har makaranta ake shiga don ita kaɗai a daɗe ana koyo. Ana matsa cikin ɗan tsakon kashi ya fita, a ɗan buɗe wurin a nemi wani ƙanƙanin tudu da bai kai kan allura ba, kuma tudun nan siffarsa kala-kala ce, wasu matan ma suna da mai kama da shi. Don Allah kar ku gwada. Na ga yaro ya matsa ɗan tsako hanjinsa ya leƙo waje, kafin magariba ya mutu, kuma ko da bai mutu ba yaron bai san abin da yake nema ba.

Gwaggona Allah ya ƙara mata lafiya ita nata ilimin tun daga ƙwai yake farawa. Dogon ƙwai mai tsini zakara ne, mai kumbo zagayayye kaza ce, haka ta taso ta ga ana yi a Mirriya. Na ce Gwaggo bari mu gwada, ta ce gwada mana ɗan nan, kai da aka haifa jiya. Muka zaɓi zagayayyu goma sha biyu muka sa ma kaza mai kwanci, kwana 21 cif ta fito da goma, da suka girma shida zakaru huɗu kaji. Gwaggo ta ce ai ni ne na taɓa ƙwan da hannun hagu. Abin da na lura da shi dai, siffar ƙwai ta uwar ce, kazar da ke yin dogo kullum dogo take yi, mai zagayayye ma haka, ba ruwan siffar da abin da ke ciki. Haka zancen rataya allura da zare a saman ɗan tsako a ga ko za ta yi kewaye, da kama shi ta ƙafa a juye kansa ƙasa wai namiji zai ɗago mace za ta saki jiki, duk wahalar da ɗan tsako ne kawai. Wani abin mamaki kuma, a wurin kaji uwa ce ke ɗauke da abin da ke sa ɗa ya zama namiji ko mace, ba zakaran ba, saɓanin mu mutane. Don haka wanda ya yanka zakaransa wai yana cika haifar maza ya ci nama dai amma bai gyara komai ba. In ka tara zubi da yawa lissafin kusan rabi da rabi yake komawa, ko da zubi ɗaya ya zo maka da maza bakwai cikin tara.

To yanzu ga abin da ni nake yi da kajin gida da maja, wato kajin nan na haɗin iri, wanda ba ya ba ni kunya sosai.

Satin farko da na biyu ba na ware komai, kallo kawai nake. Sau da yawa matan kan riga fitar da gashin fiffike da 'yar wutsiya, ka ga wata kwana goma har ta yi ɗan bindi, wani kuma gindinsa dundum ba komai sai ƙafafu da ƙaton kai. Ina sa wannan a rai amma ba na rantsuwa a kai. Aikin da ya fi muhimmanci a lokacin shi ne su rayu, ɗumi in hunturu ne, inuwa da ruwa mai sanyi in watan huɗu ne ko biyar, a kife su da kwando saboda shirwa, a yi musu rigakafi a wurin likitan dabbobi kafin cutar nan mai share akurki ta lokacin sanyi ta zo. Ɗan tsakon da shirwa ta ɗauka ai ba a tambayar ko namiji ne.

Daga sati huɗu zuwa shida nan ne aikin yake. Ka zaɓi safiya bayan rana ta ɗan fito, don da ampul ko tocila launi yana yaudara, ka zuba musu tsaki ko gara a faranti ɗaya yadda duk za su taru kawunansu a jere, kai kuma ka tsuguna ka duba zanko, wato jan naman nan na saman ka. Na namiji yana riga tashi, ya yi kauri, ya fara sauya launi daga rawaya zuwa ja-ja kamar an shafa mashi jan baki. Na mace yana nan a kwance siriri, rawaya ko fari-fari, kuma haka zai zauna har sai ta kusa fara ƙwai. Sannan ka ɗaga haɓar ka duba leɓa, 'yan naman nan biyu da ke reto ƙarƙashin baki. Namiji mai sati biyar za ka ga sun ɓullo jajaye ko da ƙanana ne kamar ƙwayar wake, mace kuwa sai ka shafa ma kafin ka ji alamar wurin. Launin ya fi girman muhimmanci a wurina, zanko ja a sati biyar kusan kullum zakara ne.

Sirrin dai shi ne kwatantawa, kuma 'yan zubi ɗaya ake kwatantawa. Kar ka ɗauko maja mai sati biyar ka jera da ɗan kazar gida mai sati biyar ka ce wannan ya fi zanko, ai ba iri ɗaya ba ne. Ko a kajin gida akwai masu zanko mai tsaye kamar zarto, su da wuri suke tona asirin kansu, akwai kuma masu ɗan dunƙulallen zanko manne da ka, waɗannan sai ka ƙara musu sati biyu ko uku kafin ka ce wani abu. Kuma ɗan tsakon da ba shi da lafiya, mai tsutsar ciki ko wanda manya suka hana ci, zankonsa fari yake zama ko da namiji ne, sai ka ɗauka mace ce, ranar da ya murmure ya ba ka mamaki.

Bayan ka ka sauko ƙafa. Ka kama biyu ka jera ƙafafunsu, ta namiji ta fi kauri da tsawo, yatsun manya, in ya tsaya sai ka ga kamar ya yi ma jikinsa girma. Ƙayar nan ta bayan ƙafa kuwa kar ka dogara da ita yanzu, dukansu suna da ɗan tsirinta tun suna ƙanana, sai an yi watanni take fitowa sosai a zakara, kuma akwai tsofaffin kaji mata masu ita.

Hali ma yana magana amma shi shaidar ƙari ce. In na yi fito mai ƙarfi ko na wurga hula ta saman kansu, yawanci mazan sukan miƙe wuya su tsaya suna kallo, matan su lafe ko su ruga ƙarƙashin uwa. Mazan ne kuma ke yawan karo da ƙirji, gashin wuya a tashe, kamar 'yan kokawa an buga musu ganga. Sai dai ina da wata sagara baƙa da ta fi duk 'yan uwanta maza faɗa, har na sa ta cikin na sayarwa, Allah ya taimake ni ban kai ta ba, yanzu ita ce ta fi kowa ƙwai a gidan.

Duk wanda alamu biyu ko uku suka taru a kansa, zanko ja, leɓa ta fito, ƙafa mai kauri, sai in ɗaura mashi jan zare a ƙafar dama. Wanda nake ganin mace ce ba na ɗaura komai. Wanda ya rikita ni baƙin zare. Ku kula da zaren nan fa, a sassauta shi kuma a duba duk sati, ƙafar tana girma zaren ba ya girma, na taɓa mantawa da ɗaya sai da ya nutse cikin nama ƙafar ta kumbura, da reza na yanke shi ina jin kunyar kaina. Wanda ba ya son zare ya ɗiga lalle ko shuni a bayan wuya, illa dai in gashin ya sake sai an sabunta.

Masu baƙin zare wata uku ke raba gardamarsu. Daga sati goma sha biyu zuwa sha shida gashin manya yake fitowa, kuma shi ba ya ƙarya. Ka kama shi ka duba gashin gadon baya dab da wutsiya, ka zura 'yar farar takarda ko katin waya ƙarƙashin gashin don ka ga bakinsa da kyau. Na zakara siriri ne dogo mai tsini kamar bakin mashi, yana sheƙi, yana zubowa ta gefe. Na kaza faffaɗa ne bakinsa a zagaye kamar cokali, ba sheƙi. Gashin wuya ma haka, sannan wutsiyar zakara ta fara fitar da dogayen nan masu lanƙwasa kamar lauje. In ka ga gashi mai tsini a gadon baya an gama magana, ko bai yi cara ba tukuna. Carar ma wasu tun wata biyu da rabi suke fara gwadawa da muryar nan tasu mai ban dariya, wasu sai wata biyar, musamman in akwai babban zakara a gidan da ke taka su, tsoro kan sa ƙaramin ya yi shiru ya daɗe.

Kar kuma zankon sagara ya ruɗe ka a wata na biyar, lokacin ita ma nata yake kumbura ya yi ja, alamar ƙwai ya kusa kenan ba wai ta koma zakara ba. Na kamfani sukan fara tsakanin sati 18 da 22, namu na gida sai wata shida ko bakwai, ya danganta da abin da suke samu su ci. In kana so ka tabbata ka shafa ƙasan duburarta za ka ji ƙasusuwa biyu masu tsini, in yatsa biyu sun shiga tsakaninsu to ka gyara mata wurin kwanciya.

Masu kajin nama na kamfani ku kam kar ku wahalar da kanku, sati shida zuwa takwas za a yanka, namiji ya ɗan fi nauyi shi kenan bambancin. Masu sa ma kaza ƙwan zabi da damina kuma, su 'yan zabi sun fi kaji rufa ma kansu asiri, kwana 26 zuwa 28 suke yi a ƙwai, kuma ido ba ya raba su sai kunne, daga wata biyu zuwa sama macen ce ke kuka mai gaɓa biyu tana maimaitawa, namijin gaɓa ɗaya yake ta sara.

Me ya sa duk wannan wahalar? Dusa da hatsi. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma, in zakarun suka yi yawa faɗa ne kullum, su tsige ma matan gashin baya, ƙwai ya ragu, maƙwabta su fara yi maka kallon banza saboda carar tsakar dare. Ni da zarar jan zare ya tabbata a sati shida ko bakwai sai in raba musu wuri, in zaɓi ɗaya wanda ya fi ƙirji da kuzari in bar ma gida, shi ma bayan shekara in musanya shi da na wani daga nesa don kar ya riƙa hawan 'ya'yansa iri ya lalace. Sauran in lissafa, in Salla ta kusa ko lokacin bukukuwa in riƙe su su yi nama, in kuwa da saura kuma buhun dusa ya yi tsada in kai su Kasuwar Dole ranar Alhamis tun suna ƙanana wani ya ƙarasa. Fari tas da ja tas nakan ɗan jinkirta da su, kun dai san akwai masu zuwa nemansu musamman kuma ba sa cika taya ciniki, ni ban tambayar me za a yi da su.

Kwalin maƙwabciyar nan tamu na leƙa shi kafin yaron ya tafi, akwai wani mai ruwan toka mai ƙaton kai da ya tsaya yana harara ta, a raina na ce wannan da wuya in ba zakara ba ne, amma ban faɗa ma yaron ba don kar a kai shi kasuwa da bakina. Na dai ba shi jan zare da baƙi ya kai mata, na ce in sun cika sati biyar ta aiko shi da safe kafin rana ta yi zafi.